Saniyar Tukur da Shafin da Ya Ƙi Buɗewa

Safiya, ma'aikaciyar kiwon lafiyar dabbobi, ba ta gama kafe babur ɗinta a bakin rugar ba Baffa Umaru ya tare ta da kwalba a hannu. Dattijon ya sayo maganin tsutsar ciki a kasuwar Dogon Kiriya, takardar jikin kwalbar duk ta sha mai, sunan maganin kawai ya rage.

"Ɗiyata, duba min awo nawa za ni ba ta. Yanzu-yanzu nika so."

Ya nuna wata jar saniya da ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ba tasa ba ce. Amininsa Tukur na Tibiri ne ya ba shi ita habbanaye, wato aron da makiyayi ke ba ɗan'uwansa: ya riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Shekara biyu ke nan ko maraƙi babu, kuma abin yana cin Baffa Umaru a rai.

"Baffa, tana da ciki?"

"Bijimi ya hau ta. Mi ya haɗa ciki da tsutsa?"

"Shi za mu gani."

Ta hau tudun da makiyaya ke hawa neman rezo, wato sabis ɗin waya, ta rubuta sunan maganin a wayarta. Shafin kamfanin ya ɗauko juyi, ya ƙi buɗewa. Masu yin irin waɗannan shafuka, Allah ya shirye su, suna zaton duk duniya a gindin eriya take kwana. Sai sun loda hotuna masu motsi da tallace-tallace kafin su ba mutum layi biyun da ya zo nema.

Safiya ko gezau. Ta shiga saitin wayar ta kashe duk ƙananan umarnin da ke jawo wannan tarkace, ta ce rubutu zalla take so. Shafin ya buɗe nan take, amma gurbin bayanin maganin fari fat, don shi ma da waɗannan umarnin aka ɗaure shi.

"Ya ƙiya ko?" in ji Baffa Umaru daga ƙasan tudu. "Mu da ido muka auna magani tun ba a haihe ki ba."

"Ba ni minti biyar, Baffa."

Ta san wani rumbu a intanet da ke ajiye tsofaffin kwafin shafuka. Ta manna adireshin a can, sai ga shafin kamar yadda yake shekara uku baya, ba ado ba kwalliya. Ta karanta: kada a ba saniya a kwana arba'in da biyar na farkon cikinta, yana iya lalata ɗan tayin. Tsohon kwafi dai tsoho ne, ba ta yarda da shi shi kaɗai ba. Ta lalubo takardar wata makarantar likitocin dabbobi da Faransanci, ta tarar magana ɗaya ce.

Ta sauko tana karkaɗe zanenta. "Yaushe bijimin ya hau ta?"

Nan kam babu mai koya wa Baffa Umaru aiki. Mutumin da bai riƙe shekarunsa ba, sai ga shi yana lissafa kasuwanni da yatsu. "Kasuwa huɗu da kwana biyu. Ranar da munka sauko daga hwadama."

"Kwana talatin ke nan. In ka ba ta yau, cikin na iya zubewa. Jira sati ukku, ni da kaina za ni zo in auna mata. Kahin nan a ƙara mata dusa da harawa."

Dattijon ya dubi kwalbar, ya dubi saniyar. Tun da safe ya so ya ɗura mata, rashin sanin awo ne kawai ya tsayar da shi, kuma tsoro ya kama shi sosai da ya tuna haka. Ya cusa kwalbar can ƙasan aljihu.

"Ara min wayag ga taki."

Ta latsa masa lambar da ya faɗa. Da aka ɗauka sai ya juya mata baya.

"Tukur, ni na. Saniyarka ta ɗau ciki. Wanga karon ba ni jin kunyarka."