Wayoyi Tara a Cikin Tukunya

Ranar jajibirin suna hazo ya sauka a McLeansville, wani ƙaramin gari a Amurka, tun kafin rana ta leƙo. Hazo ne fari mai laima, wanda in ka buɗe ƙofa yake biyo ka da sanyinsa har cikin falo. Hafiza ta tsaya a taga da jaririyarta a kafaɗa tana kallon yadda ya cinye gonar maƙwabcinsu, ya cinye bishiyoyin bakin hanya, ya bar mata akwatin wasiƙu shi kaɗai a tsaye kamar wanda aka manta da shi. Kwana shida ke nan ba ta yi barcin kirki ba, komai a idonta yawo yake yi a hankali.

A wani wuri a saman wannan farin abu, mahaifiyarta na zaune cikin jirgi. Inna Daso ba ta taɓa barin Najeriya ba, ba ta jin Turanci ko na cewa a ba ta ruwa, kuma shekara tara rabon da su ga juna. Ta taso daga Kano don ta yi wa 'yarta zaman jego, ta canja jirgi sau biyu da taimakon masu tura keken tsofaffi, saura ƙaramin jirgin da zai sauke ta a Greensboro da ƙarfe goma na safe. Wayarta ba ta aiki a ƙasar nan. Abin da ta dogara da shi, bayan Allah, lambar Hafiza ce a wata 'yar takarda cikin fasfo.

Muzammil, mijin Hafiza, ya tafi filin jirgi tun ƙarfe takwas, don mai jego ba ta fita. Gidan ya rage sai mata, mutum takwas ban da Hafiza, suna suyar cincin da dubulan. Shugabarsu, ba tare da kowa ya naɗa ta ba, ita ce Anti Djamila, mutuniyar Damagaram, wadda ta shekara ashirin tana kitso a wani shago a titin Wendover. Anti Djamila mace ce mai kirki, sai dai kirkinta ba ya neman izini. In ta yanke shawarar taimakonka, to ka taimaku, ko kana so ko ba ka so.

Ita ce ta shigo ɗaki da waya a hannu, fuska ba walwala.

"Mai jego, kin ji abin da ake faɗa? Sabon rezon salular nan da suka kunna makon nan, 5G, an ce yana rikita jirage."

Hafiza ta ji labarin a bakin Muzammil da rabin kunne. A cikin jirgi akwai wata na'ura da ke gaya wa matuƙi nisan da ya rage tsakaninsa da ƙasa. In gari ya yi garau, idonsa ma ya ishe shi. In hazo ya rufe, da ita yake lalube, kamar makaho da sandarsa. Fargabar da ake yi ita ce, sabon layin sadarwar yana kusa da muryar na'urar, kada ya hana ta ji. Shi ya sa aka ce wasu jiragen ba za su sauka cikin hazo ba sai an gama bincike.

"Anti, ai ya ce daga dogayen turakun sadarwar nan ne na kusa da airport," in ji Hafiza.

"To su turakun da wa suke magana? Ba da salularmu ba? Kowa ya kashe tasa, sai hanya ta buɗe wa baiwar Allah. Rigakafi ya fi magani."

Ba wadda ta musa. Wa zai so a ce don kallon hotunan biki ya hana tsohuwa sauka? Anti Djamila ta ɗauko babbar tukunyar da ba a ɗora ba tukuna, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ta kashe wayarta ta saka. Rumasa'u, wadda ita ce 'yar boko a cikinsu, ta buɗe baki za ta yi bayani, ta dubi fuskar Anti, ta rufe bakinta ta miƙa tata. Hafiza ce ta ƙarshe. Ta san a ranta abin bai hau kan hankali sosai ba, amma tsoro ya riga ya shige ta, kuma wannan ne kaɗai abin da za ta iya yi wa Inna daga inda take. Aka rufe tukunya da murfi.

"Ba mai buɗewa sai Hajiya ta tako ƙofar nan," in ji Anti Djamila.

Gidan ya yi wani irin shiru da Hafiza ta manta akwai shi a duniya. Sai ƙarar mai a kasko da hirar mata ƙasa-ƙasa. Ta kwanta a gefen jaririyar, tsakanin barci da ido biyu, tana ganin Inna a sama ta naɗe ƙafa a kujera kamar a tabarma, jirgin yana zagaye gidan a hankali, yana neman wata 'yar kafa a cikin hazo. Ta ga ƙullin kanwa da kimba da daddawa a jakarta suna ƙamshi har ƙasa. Ta ga matuƙin ya leƙo ta taga yana tambayar Inna ko nan ne, Inna tana nuna masa rufin gidan da carbi. Ta ji daɗi a cikin barcin, har ta yarda cewa shirun da suka yi ne yake riƙe da jirgin.

Ƙarfe goma ya wuce. Sha biyu ta wuce. Aka yi azahar. Matan suka soma satar kallon tukunya kamar masu azumi, Anti Djamila ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

Wajen ƙarfe biyu da rabi fitilun mota suka ɓullo daga cikin hazo. Hafiza ta isa ƙofa kafin kowa. Muzammil ya fito, ya rufe ƙofar motar, bai zagaya ya buɗe ɗaya gefen ba.

"Ina wayarki?" ya ce. Muryarsa ba ta tashi ba. "Na kira ki ya fi sau ashirin. Na kira Anti, na kira Rumasa'u, duk a kashe."

"Ina Inna?"

"Flight ɗin bai sauka nan ba, saboda hazon. Tun goma da rabi suka kai su Charlotte, suka ce za su turo su a bus. Bus ɗin ya zo, na duba kowa da kowa, ba ta ciki. Sun ce sun kira lambar da ke kan ticket ɗinta, ba a ɗauka ba."

Hafiza ta juya da gudu. Ba ta san lokacin da ta isa kicin ba. Murfin tukunyar ya faɗi ƙasa yana ta juyi, ba wadda ta duƙa ta ɗauke shi. Garin neman gira an kusa rasa ido, kuma kowa a ɗakin ya san haka, har Anti Djamila, wadda ta dafe ƙirji tana salati a hankali.

Wayar ta ɗauki lokaci kafin ta farka. Saƙon murya biyu ne daga wata lamba da ba ta sani ba. Ta buɗe na farko kowa yana ji. Muryar namiji ce, da Hausa mai karin mutanen kudancin Kaduna.

"Sannu, madam. Sunana Nicodemus, ina tura wheelchair a airport na Charlotte. Na ga wata mama a zaune tun ɗazu a kan jakarta, na ji tana addu'a da Hausa, sai na gaishe ta. Ita ta ɗauka nan ne garinku, tana jiran ku zo. Bus ɗinsu ya riga ya tafi. Kada ku damu, tana wurina, na saya mata tea. Ki kira ni."

Matan suka sauke numfashi tare. Hafiza ta danna na biyu. Da farko hayaniyar filin jirgi ce kawai, sai muryar Nicodemus daga nesa yana cewa, "Mama, ki yi magana, za ta ji." Sai muryar Inna ta biyo baya.

"Hafiza." Muryar ta fito siririya, a gajiye. "Hafiza, ni ce. Na zo, ban ga kowa ba. Na zauna inda za ki gan ni, ban matsa ba. Hafiza, kina ina?"

Hafiza ta jingina da bango. Ita ce 'yar fari. Shekararta talatin da huɗu a duniya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Kullum ita ce "ke", ko "yarinyar nan", ko "yayar su Abdulmuhaimin", don kunyar ɗan fari ba wasa ba ce a gidansu. Tun tana ƙarama ta san ba ƙiyayya ba ce, amma sanin bai taɓa hana ta kwaɗayin ji ba. Yau tsoro ya sa Inna ta faɗa har sau uku, a gaban baƙo, a ƙasar da ba ta san kowa ba. Tausayi da daɗi suka haɗu mata, ta fashe da kuka.

Matan suka koma kan kaskonsu a natse. Kowa ta ji, kowa ta yi kamar ba ta ji ba, don a rufa wa tsohuwa asiri. Muzammil ya karɓi lambar, ya ɗauki mukulli ya fita, tafiyar awa ɗaya da rabi na gabansa a cikin hazo.

Hafiza ta share fuska ta kira. Nicodemus ya ɗauka, ta yi masa godiya har kalmomi suka ƙare mata, sannan ya miƙa wa Inna wayar.

"Inna, ki yi haƙuri. Yana hanya, yanzu zai zo ya ɗauke ki."

"Ba komai," in ji Inna. Muryarta ta riga ta koma yadda aka san ta, a daidaice. "Ke, kin sha kunun kanwa yau kuwa? Ya mai sunan gobe?"

"Lafiya lau, Inna."

Da suka gama, Hafiza ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ta san in Inna ta shigo gidan nan za ta zauna wata uku, ta yi mata wanka, ta dafa mata, ta goya jika, kuma ba za ta sake faɗar sunanta ba. Ta kwanta kusa da jaririyar, ta sa wayar a kunne, ta rage murya, ta sake danna saƙo na biyu.