Kifin da Ke Kwance a Hamadar Fayum

Mijina Midhat ba ya shan sigari, ba ya zaman gidan shayi, ƙwallo ma ba ta dame shi ba. Abin da ya sa wa rai shi ne babban filin wasannin nan da ke bayan garin Alƙahira. Tun yana saurayi yake zuwa. Can ya kai ni bayan an sa mana rana, ya ɗora ni a jirgin nan mai hawa sama ya kife da mutane, na sauko ina jiri shi kuwa yana ta dariya. Da muka haifi Rudaina, duk dogon hutu can muke nufa. Ya san kujerar da ta fi girgiza a kowane lilo, masu tsaron ƙofa ma da suna suke gaishe shi.

Bana ya je sayen tikiti ya dawo hannu rabbana. Kuɗin shiga ya ninka, na abinci a ciki ma haka, albashinsa na koyarwa kuwa yana nan inda yake. Ya ce ya daɗe a bakin ƙofa yana jin ihun mutane daga sama, sannan ya hau motar haya ya juyo. Ya yi 'yan kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Na ba wa yayana Sha'aban labari, shi da ke noma a Fayum. Nan take ya kira Midhat a waya.

"Baban Rudaina, ƙato da kai, ga furfura, kana zaman makokin lilo? Ku taho wajenmu."

"In zo in ga me, Yaya? Agwagi?"

"Ka zo dai. Mai kawai za ka zuba mini a mota."

Muka tafi, Midhat yana cika yana batsewa. Washegari da safe matar Sha'aban ta ƙunsa mana gurasa da cuku da zuma, muka shiga tsohuwar motarsa. Gonaki suka ƙare, dabino ya ƙare, kwalta ma ta ƙare. Sai rairayi da wasu duwatsu da iska ta sassaƙe, wasu kamar tuluna, wasu kamar raƙuma a durƙushe. Midhat ya ce ya ga alama an kawo shi ziyarar yashi.

Muka sauka muka bi wata 'yar hanya da aka jera wa duwatsu. Rudaina ce a gaba. Can ta tsaya cak, ta kira babanta ƙasa-ƙasa.

Ƙasusuwa ne kwance a kan rairayi, a jere, kowanne ya kai turmi kauri. Ga haƙarƙari, ga wani dogon kai mai haƙora. Tsawonsa ya fi motar haya. Sha'aban ya ce kifi ne, dangin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, kuma duk inda muke takawa ɗin nan a da ƙasan teku ne.

Midhat ya taka daga kai zuwa wutsiya, ya dawo, ya sake. Ya durƙusa ya ɗebi rairayi, sai ga ƙananan ɓawon dodon koɗi a tafinsa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, inda ruwa ya taɓa rufewa, babu ko gajimare. Wurin shiru, har numfashinsa nake ji.

"Maman Rudaina," ya ce, "ashe wannan yana nan duk shekarun nan?"

Na ce yana nan tun kafin a halicci mai tambaya.

Rana ta yi zafi, Sha'aban ya fara kiran mu zo mu ci abinci. Midhat bai motsa ba sai da Rudaina ta ja hannunsa. A inuwar mota ya ci gurasa kamar wanda ya kai azumi, yana jero tambayoyin da babu mai amsarsu a cikinmu: ina ruwan ya tafi, kifaye nawa ke binne a ƙarƙashinmu.

A hanyar dawowa ya ce bai rabu da filin wasansa ba, zai koma idan hali ya yi, ko da shi kaɗai ne. Amma hutu mai zuwa a Fayum za mu yi shi, don ya ji an ce akwai wasu kifayen can gaba da ba mu kai gare su ba. Sha'aban ya ce to, amma wannan karon har da kuɗin taya.