Kukan Keke a Ƙarƙashin Taga

Shekara talatin mai gyaran agogo yana komawa gida a kan tsohon kekensa, kuma shekara shida ke nan matarsa ba ta ganin dawowarsa, sai dai ta ji. Tun da idanunta suka rufe, kujerarta ta koma bakin taga, a hawa na biyu. Akwai ɗan tudun kwalta gaban kantin magani. Da keken ya taka shi, sai murfin tayar baya ya yi kwaram-kwaram. Wannan ƙarar ce ke tashinta. Ta lalubi bango ta ɗora ruwan shayi, ta zare sakata, ta tsaya tana jira.

Sai gwiwarsa ta gaza. Likita ya hana shi taka feda a hawan layinsu, ya koma shiga bas. Yanzu sai ya sa makulli ya buɗe, ta zabura tana tambayar wane ne. Bayan wata biyu ta daina zuwa taga. Yakan tarar da ita a kwance, hasken yamma ya faɗo a kan ƙafafunta, ta ce ba barci take ba, ba ta dai san inda rana ta kai ba ne. Agogo bakwai ne a gidan, amma duk na gyara ne, kowanne da lokacin da ya ga dama.

Auta, 'yarsu mai aikin jinya, ita ta ja shi kantin kekunan lantarki da ke bakin kasuwa. Ta ce dole a sami mai naɗewa, don shagonsa bai fi ɗakin wanka ba, ga kuma matakala a gida. Ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya dubi takardar farashi, wannan ba ruwansa.

Mai kanti ya fito da na manya: ruwan toka, babu sarƙa sai bel, mara nauyi har Auta ta ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya ce ko kyanwa ce ke barci ka gifta ta, ba za ta motsa kunne ba. Tsohon ya hau a harabar kantin. Bai ji ƙasa ba, bai ji gwiwa ba. Gine-gine suka riƙa zamewa ta gefensa kamar ana jan labule, ya tuna irin mafarkin nan da mutum ke tafiya bai taɓa ƙasa ba. Ransa ya biya ƙwarai, har Auta ta gani a fuskarsa.

Can a lungu akwai wani kore, mai araha, mai nauyi, irin na masu kai saƙo. Mai kanti ya faɗi gaskiya: yana da ƙarko, sai dai injinsa na da surutu. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya sa aka murɗa hannun da ke tayar da injin, ya kara kunne a tayar baya yadda yake yi wa agogon bango. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe, ya nemi a bar shi ya gwada su biyun a layinsu, ya ce ga 'yarsa nan a riƙe jingina. Auta ta ce to a ba jinginar kujera.

Ya fara da mai tsadar. Ya hau tudun layin, ya taka na gaban kantin magani, ya wuce ƙarƙashin tagar sau uku. Labule kaɗai ya motsa.

Ya mayar, ya ɗauko koren. Tun daga gangare injin ya fara wani siririn kuka, yana ƙara tsayi yadda hawan ke ƙara tsanani. A kan tudun kwaltar, maƙalar naɗewa ta yi ƙas. Ya wuce, ya juyo, ya sake wucewa. A zagaye na uku hannu ya bayyana a bakin tagar, yana lalube. Sai fuskarta, ta juyo da kunne wajen titi.

"Wane ne ke kiwon ƙudan zuma a layinmu?" in ji ta.

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa. "Ni ne, Maman Auta."

"Muryarka ai na san ta. Sake zagayowa in haddace wannan."

Ya zagaya har sau biyu.

A kanti Auta ta ɓata rai. Ta tambaye shi shin rowa yake mata da kuɗinta, ko tausayinta yake ji? Ta ce wannan abu zai karya masa ƙugu a matakala. Bai yi gardama ba, ya ce mata uwarta ta fito taga. Auta ta dubi koren keken, sannan ta shafa sirdinsa. Mai kanti ya ce zai sa masa mai, ya ɗaure maƙalar, ƙarar za ta ragu. Tsohon ya riƙe masa hannu, ya ce kada a taɓa komai.

Washegari da yamma ya naɗe keken a gindin matakala ya rungume shi. Auta ta yi gaskiya, da nauyi. Sau biyu yana hutawa, yana jingina da bango, gwiwar na zogi. Yana cikin hutu na biyu ya ji an zare sakata a sama, ƙofa ta buɗe, ƙarar tafasar ruwa ta gangaro masa.