Karramawar da Aka Yi wa Turai a Perry Barr

A shekarar 2012 ƙanwata Turai Gidaɗo ta ajiye aikin akanta a Manchester ta rungumi triathlon: iyo na kusan kilomita huɗu, keke ɗari da tamanin, sannan gudu arba'in da biyu, duk a yini guda. Lokacin gwamnati na ta tsuke bakin aljihu, har aka rufe wurin iyon da take zuwa. Sai ta koma wani tafki a bayan gari. Ni nake kai ta daga unguwarmu ta Gorton, in zauna a mota da shayina, ta fito leɓɓanta na rawa don sanyi.

Dokta Musbahu Yelwa, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa a Birmingham, har waya ya yi wa Baba. "Alhaji, yarinya da degree ɗinta ta koma tseren keke? Ai abin kunya ne ga community." Mutumin da hawa bene ɗaya ke sa shi haki.

Shekara biyar tana fafatawa. Ta zo ta sha ɗaya a Wales, ta faɗi a keke ta karya kafaɗa, ta warke, ta zo ta uku a Sifen. A 2017 ta lashe wata babbar gasa a Austria cikin awa tara da 'yan mintuna. Jaridu suka buga hotonta.

Sati biyu sai ga gayyata: ƙungiya za ta karrama ta a unguwar Perry Barr da ke Birmingham.

Dokta ya yi minti arba'in yana jawabi, rabi a kan kansa. Ya ce tun farko shi ya ƙarfafa mata gwiwa. Sau biyu yana kiranta Batulu, sunana. Ya miƙa mata allon katako da aka rubuta "Gwarzuwar Marathon", wato gudu kaɗai.

Turai ta karanta, ta ɗago. "Na gode, Kawu. To iyon da keken fa, wa ya yi su?"

Dokta ya kalli allon. Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai all the same ne, a zo a yi hoto.

Hoto ɗaya ta tsaya, ta ci waina uku, ta ce mu tafi, gobe tana da atisayen awa shida. Kafin mu hau babban titin M6 ta yi barci, ƙafafunta a kan dashbod.