Hannun Daman Malam Sharhabilu

Duk Hayin Banki an san Malam Sharhabilu da abu biyu: kyawun rubutu da taurin kai. Shekara talatin yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara, mutane na zuwa har daga Zariya su ba shi aiki. Da hannun nan yake ciyar da gidansa. Shi ne kuma hannun da tirelar siminti ta murƙushe wata Talata da hantsi, da birki ya ƙwace mata a Kawo ta take keke napep ɗin da yake ciki.

Likita ya ce ƙashi zai haɗe, amma jijiya ta tsinke. In ba a yi aiki cikin wata uku ba, yatsun sun mutu ke nan. Aikin kuwa ba na talaka ba ne.

Kwana biyu da hatsarin, direban tirelar, wani Hamisu, ya zo asibiti da dattawan ƙungiyarsu. Ya zube gaban gado yana kuka. Malam ya dube shi ya ce, "Tashi. Abin da Allah Ya rubuta ba mai kankarewa. Na yafe maka duniya da lahira." Aka yi kabbara, aka shafa fatiha, kowa ya watse yana yabon Malam. Yabo kuwa ba ya ɗinke jijiya.

Matarsa Atika ce ta kasa haƙuri. Bayan an sallamo shi, ba ta shawarci kowa ba ta zari mayafi ta shiga maƙwabta, ta ɗauko Fadila, lauyar da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ran Malam ya ɓaci matuƙa. Yarinyar da shi ya koya wa baƙi da wasali, yau ita za ta zo ta koya masa magana?

Fadila ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Allah gafarta Malam, izini nake nema in nemo muku haƙƙinku."

"Kin makara, 'yata. Na yafe a gaban shaidu. Da furfurata zan yi amai in lashe?"

"Wa kuka yafe wa, Malam?"

"Direba mana."

"To direba ya sha, ba ruwana da shi. Amma motar nan akwai mai ita, akwai kuma kamfanin inshorar da ya ɗauki nauyinta saboda rana irin wannan. Cikinsu akwai wanda ya zo ya durƙusa muku?"

Gaskiyar magana, ko sannu ba su aiko ba.

"Ku kuka karantar da mu cewa hannu yana da diyya, ba ku ce mana bara ce ba. Kuma hannun nan, Malam, ba ku kaɗai ke ci da shi ba."

Daga bayan labule Atika ta yi tari, irin tarin da ba na mura ba. Sai da Malam ya kwana uku yana juya maganar, don kada a ce mata sun kayar da shi a zama ɗaya. Sannan ya aika aka kira Fadila, ya ce ta je ta yi, amma kada a taɓa Hamisu.

Yarinyar nan ta sha zirga-zirga. Ta karɓo rahoton 'yan sanda, ta matsa wa likita lamba ya rubuta nasa, ta zo gida ta ɗauki hoton shafukan da Malam ya rubuta, don kamfani ya ga irin hannun da ake magana a kai. Lauyan kamfani ya dubi takardun ya yi murmushi. Ya ce ai mutumin ya yafe, gari duk ya shaida. Wata biyu suka shuɗe ana ja-in-ja, yatsun Malam na ƙara ƙanƙancewa. Tsoro ya kama shi sosai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba.

Ana haka sai ga Hamisu a ofishin Fadila, ba wanda ya kira shi. Ya ce a rubuta: sau biyu yana kai ƙarar birkin nan wajen maigidansa, aka ce ya lallaɓa. Ya ce yafiyar Malam shi kaɗai aka yi wa. Fadila ta gaya masa zai iya rasa aikinsa. Ya ce ya sani.

Kamfani bai bari an shiga kotu ba, ya biya diyya. Aka yi wa Malam aiki saura kwana goma sha biyu wa'adin likita ya cika.

Bayan wata biyar ya je ofishin Fadila don a rufe fayil. Ya shirya jawabin godiya tun daga gida, da ayoyinsa, amma da ya zauna sai jawabin ya ɓace masa. Abin da ya iya fitowa kawai shi ne, "Allah Ya yi miki albarka, ke da yaron nan Hamisu." Ya maimaita har sau uku.

Fadila ta tura masa tawadar dangwale, don ya sa babban yatsan hagu. Malam ya ture ta gefe.

"Ba ni biro."

Yatsu uku ne suka yarda suka riƙe. Ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, gumi na tsattsafo masa a goshi. Rubutun ya fito a karkace, irin wanda da ɗalibinsa ne ya kawo masa da ya sa ya wanke allon. Ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin gemunsa, bai kuma share ba.