Abin da Lalle Ya Rufe

Likitar ba ta ko kalli gwiwar da Asiya ke nuna mata ba, sai ta kamo hannunta ta juya shi wajen hasken taga.

"Inna, tun yaushe farcenki ya zama haka?"

Kunya ta kama Asiya kamar ta nutse. Faratan duk sun yi ramuka, sun yi kauri, wasu sun ɗaga daga nama. Shekara da shekaru babu wanda ya gan su haka a ƙauyensu na bayan Ɗanbatta. Mai ƙuli-ƙuli ce, to wa zai sayi abin da irin wannan hannu ya mulmula? Sai lalle kan lalle, har ya yi baƙi ƙirin. In za ta asibiti kuwa, ranar ma take ƙara ƙunsawa, don kada ma'aikata su ƙyamace ta. A duba gwiwa, a ce sanyi ne, a ba ta maganin rage ciwo, ta dawo gida. Bana ne yatsun suka ƙage, ƙunshi ya gagare ta, tsohon lallen ya bi farce ya fita.

"Ai ba shi ya kawo ni ba, 'yar nan. Gaɓoɓina ne."

"Ciwon ɗaya ne, Inna. Shi ke cin farce, shi ke cin gaɓa har ƙashi. Sau da yawa a farce yake fara nuna kansa. Da an gani da wuri..."

"To, yanzu ai an gani. Yatsun za su miƙe? Gyaɗata na can jibge tana jirana."

Likitar ta sauke mata hannun a hankali.

"Za mu tura ki Kano a yi ƙoƙarin tsayar da shi. Amma abin da ya riga ya ci, ya ci."

Innalillahi! Ashe da hannunta ta yi ta lulluɓe shi, yana cin ta.

A waje, mijinta Ja'afaru na jingine da babur a gindin darbejiya. Ya leƙa kasuwa, yana riƙe da wani ƙullin leda, sai murmushi yake.

"Na ga kin kwana biyu ba ki ƙunsa ba," ya ce. "Ungo, mai kyau ne, sabon daka."

Asiya ta miƙa hannu. Ya ɗora mata, yatsun suka ƙi rufuwa, ƙullin ya zame ya faɗi ƙasa.