Ayabar da Ta Ci Kifi

Da Velu ya ji maganar matarsa ranar da kifin sadin ya cika bakin teku, da abin kunyar da ya same shi a lambun haikali bai same shi ba. Amma shi mutum ne da idan damuwa ta kama shi, kunnensa toshewa yake yi.

Damuwar kuwa ta ayaba ce. 'Yarsa Nirosha za ta yi aure bayan watan azumin addininsu, a haikalin unguwarsu da ke garin Tongaat, kuma ba a yin biki sai an ɗaure itacen ayaba biyu masu 'ya'ya a bakin ƙofa. Wanda bai samu ba sai ya yi hayar na roba, baƙi su riƙa ƙwanƙwasawa da yatsa suna kallon juna. Velu ya riga ya cika baki a gaban surukai cewa ayaba biyun da ya shuka da hannunsa a lambun haikali za a ɗaure.

Lambun na jama'a ne, amma mai faɗa a ji a cikinsa ita ce Akka Kogila, wato Yaya Kogila, uwar angon. A wurinta ba a kaftu, ba a zuba takin buhu, ba a fesa magani. Rami ake haƙawa a kewaye shi da ayaba, a riƙa zuba furannin da aka gama ibada da su, da ɓawon kwakwa, da kashin shanu, a rufe da busasshen ganye, sannan a jira. Da yake da amfanin lambun ake dafa abincin ibada, nama da kifi da ƙwai ba sa ƙetare shingensa.

Jiran ne Velu bai iya ba. Kullum kafin ya fita rabon burodi sai ya biya ya ɗaga kai ya leƙa tsakiyar ganye. Babu fure. Ya lallashi ayabar, ya yi mata faɗa, har ya taɓa gaya mata ranar bikin. Sai ya tuna yadda mahaifinsa yake binne kan kifi a gindin gauta, gautan ya yi ta zuba 'ya'ya.

"Ina za ka da kawunan kifin nan?" in ji matarsa Dhanam, ganin yana ɗura su a leda.

"Kyanwa zan ba wa."

"Ba mu da kyanwa."

"Ta maƙwabta."

"Baban Nirosha, na san wannan fuskar. Da ita ka gyara famfo muka yi iyo a falo. Ajiye."

Bai ajiye ba. Da tsakar ranar Litinin, lambu ba kowa, ya tone ramin ayabarsa ya juye ledar, ya lulluɓe da furanni, ya juya wajen haikali ya haɗa hannu ya nemi afuwa a gurguje.

Ranar Asabar ake aikin gayya. Tun daga ƙofa Velu ya ji warin. Kyanwoyin unguwa sun riga kowa zuwa. Sun tone ramin, sun jera kawunan sadin a kan kunyar alayyafo, kowane kai da idonsa a buɗe. Mata sun toshe hanci da gefen zane, Akka Kogila na tsaye a tsakiya riƙe da bokiti.

"Ƙanena," ta ce, "ramin wa ke nan?"

"Akka, iskar teku ce, kwanan nan ko'ina haka yake wari."

"Iskar teku ce ta yanke musu kai ta kawo?"

Wani dattijo ya ce, "Wataƙila kifayen ibada suka zo." Aka fashe da dariya. Velu ya duba wajen matarsa ko za ta cece shi, sai ya ga ta duƙufa tana tsinkar ganyen zogale kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Don bikin yaran na yi, Akka," ya ce a hankali.

"To ka ji nawa. Ɗana ba zai bi ta ƙarƙashin ayabar da ta ci kifi ba."

Aka kira Guru, mai jagorantar ibada. Ya zo ya tsaya daga nesa. Ya sa aka kwashe ƙasar ramin, aka yayyafa ruwan kurkum, kuma Velu ne ya yi ta jigilar baro har yamma. Game da itacen kuwa, Guru ya ce tsutsa ma tana mutuwa a ƙasa, saiwa ta sha, amma ita tsutsa ba a leda aka kawo ta ba. Ya ce zai yi tunani.

A gida Nirosha ta yi dariya har da hawaye. "Baba, ni ko tsintsiya aka ɗaure a ƙofar zan shiga." Wannan bai kwantar masa da hankali ba, domin ba ita za a riƙa nunawa da baki a layin karɓar abinci ba.

Bayan 'yan makonni sai ayabar ta yi fure. Duka biyun. Kafin azumi ya ƙare sun rataya 'ya'ya har suna rinjaya, yayin da sauran ayabar lambun, har da ta Akka, ganye kawai suke ta yi. Velu ya rasa ko murna zai yi ko ɓuya. Idan ya zo ban ruwa sai ya juya musu baya, kada a ce yana alfahari.

Shekaranjiya Dhanam ta dawo da labari. Ta ga Akka a shagon masu hayar kayan biki tana ƙwanƙwasa ayabar roba, fuskarta a yamutse. Jiya kuma an gan ta a lambu ita kaɗai, ta daɗe tana kallon ta Velu, har ta tokare ɗaya da sanda kada ta faɗi.

Biki saura mako guda. Guru bai gama tunani ba, Akka ba ta janye maganarta ba, kuma har yanzu ba wanda ya san wace ayaba za a ɗaure a ƙofar.